Yadda zaka zauna da yaranka ku tattauna "laifin waye" a katun ɗin jiragen ƙasa

Duk gidan da akwai yara 'yan shekara huɗu zuwa goma a garin Jos ɗinnan, in dai akwai waya mai data ko talabijin, da wuya ace basu taɓa cin karo da katun ɗin jiragen ƙasa masu fuska ba, wato Thomas da 'yan uwansa. Mu iyaye muna sakin jiki dashi saboda babu tsiraici babu harbe-harbe babu ashar, kuma kusan kowane labari yana ƙarewa ne da wani yayi laifi an hukunta shi ya gane kurensa. Toh wannan hukuncin shine abinda nake so mu dinga dubawa tare da yaran, domin yaro yana haɗiye shi ne gaba ɗaya yadda aka bashi, wanda aka ce shine mugu shikenan ya zama mugu har abada, wanda aka ce shine na kirki ko me yayi an yafe masa tun kafin yayi. Kuma in ka zauna ka kalla da idon babba zakaga sau da yawa rabon laifin ba daidai akayi shi ba.

Labaran nan asalinsu littattafai ne, wani limamin cocin Anglican a Ingila mai suna Wilbert Awdry ya fara ƙirƙirarsu yana bawa ɗansa Christopher lokacin da yaron ke kwance da ƙyanda, littafin farko ya fito a 1945, sai a 1984 aka mayar dasu shirin talabijin. Labarin da yafi dacewa a fara wannan zaman dashi shine rigimar Duck da Diesel, wanda littafinsa ya fito a 1958, kuma yana nan cikin tsofaffin shirye-shiryen kashi uku a jere, kowanne bai wuce 'yan mintuna ba.

Abu na farko, ka kalla kai kaɗai tukunna. Kada ka zauna da yara kana ganin labarin karo na farko tare dasu, zasu rigaka yanke hukunci kuma bazaka san inda zaka tsayar dasu ba. Ga yadda abin yake a taƙaice. Duck kan jirgi ne mai amfani da kwal da tururi, ma'aikaci ne na gaske amma akwai shi da alfahari da layin dogon da ya fito, a ganinsa tsarinsu ne kaɗai daidai. Sai aka kawo sabon kan jirgi mai amfani da man dizal, sunansa ma Diesel, a matsayin gwaji, Manajan reluwe (mutumin nan mai ƙiba da doguwar baƙar hula) ya damƙa shi a hannun Duck yace ya nuna masa aiki. Diesel ya shigo da daɗin baki yana fadanci wa manyan jirage, sannan ya cewa Duck shi baya buƙatar a koya masa komai, irinsu sun san komai, sune sabon zamani. Duck yaji haushi, yace toh tunda haka ne je ka haɗo min taraguna. Diesel ya tafi ya kama wasu tsofaffin taragu da aka daɗe da yasarwa, birkinsu duk yayi tsatsa, ba sune aka aike shi ba, yayi ta ja yana turawa har abu ya ɓalle ya lalace, Duck kuwa yana gefe yana kallo baice uffan ba. Da Diesel ya tambaye shi me yasa baka gaya min ba, sai yace ai baka tambaye ni ba. Taragu suka sa Diesel a waƙa suna masa dariya a gaban kowa.

Daga nan Diesel ya ƙulla a ransa. Ya je wurin taragu ya ƙirƙiro sunayen tsokana akan manyan jirage uku, Gordon da James da Henry, yace wai daga bakin Duck yaji su. Taragu suka yaɗa, manyan suka fusata suka tare ƙofa suka hana Duck shiga wurin kwana, Manaja yazo ya saurara sannan ya tura Duck wata tasha can wurin wani kan jirgi mai suna Edward. A can ne wasu taragu suka kufce suka gangaro daga tudu, Duck ya tare su da ƙyar ya hana mummunan haɗari, shi kuma ya faɗa cikin shagon wani mai aski. Manaja yazo ya yaba masa, yace dama shi bai taɓa yarda da Diesel ba kuma ya sallame shi, Duck ya dawo gida ana masa maraba.

In ka bar yaro ya kalla har ƙarshe ba tsayawa, amsarsa guda ce, Diesel mugu Duck jarumi. Shi yasa abu na biyu shine ka riƙe wayar ko rimot a hannunka ka dinga tsayarwa. Wuri uku nake bada shawara. Na ɗaya daidai lokacin da Duck yake kallon Diesel yana fama da taragun da ba su ba, ka tsayar kace "yanzu in kaine Duck me zakayi?" Na biyu lokacin da manyan jirage suka tare ƙofa, ka tambaya "su waɗannan a ina suka ji maganar, sun ji da kunnensu daga bakin Duck?" Na uku kafin Manaja ya buɗe baki ya yanke hukunci, kace "kece Manaja yau, me zaki ce?" Amfanin tsayarwar shine yaron ya faɗi nasa kafin labarin ya faɗa masa, domin da zarar mai bada labari yayi magana da muryar nan tasa ta babba, yaro ya daina tunani ya koma maimaitawa.

Bayan an gama kallo kada ka fara da tambayar laifin waye. In ka fara da ita ihu kawai zaka samu. Ka fara da "me ya fara faruwa, sai me, sai me", su jera maka abubuwan da bakinsu ɗaya bayan ɗaya, in babban ya tsallake wani abu ƙaramar ta tuna masa. Zaka lura kusan kullum abinda suke tsallakewa shine shirun da Duck yayi, saboda shiru ba'a ganinsa, ba kamar ƙarya ba da ake jinta da kunne. In sun tsallake kada kace sun manta, kace "tsakanin lokacin da Diesel ya kama taragun da lokacin da abin ya ɓalle, ina Duck yake, me yake yi?" Su da kansu zasu ce yana kallo. Sai kace "ya san ba sune taragun ba?" Zasu ce ya sani. Ka barshi a haka, kar ka ƙara komai, ka basu lokaci abin ya zauna musu.

A nan kuma akwai aiki ɗaya mai muhimmanci, raba abinda mutum YAYI da yadda aka zana shi. Diesel baƙi ne wuluk, fuskarsa a murtuke ko da murmushin mugunta, muryarsa a sulɓe, su kuma masu tururi ga fenti kore da shuɗi da ja suna sheƙi. Yaro ɗan shekara biyar tun kafin Diesel yayi magana ya riga ya gama dashi. In yaro yace maka "ai mugu ne, kalli fuskarsa" kace masa "na gani, amma gaya min me yayi". Duk sanda ya koma kan fuska ko launi ka dawo dashi kan aiki, a hankali ba da faɗa ba. Wannan kaɗai in ka samu ya shiga kan yaro wallahi zaman ya biya kuɗin data.

Yanzu sai rabon laifi, kuma ga dabarar da nake ganin tafi aiki da yara. Ka bawa kowane yaro ƙwayar wake goma, ko gyaɗa ko marfin kwalba, duk abinda ke kusa. Ka zana da'ira biyar a takarda ko a ƙasa, ɗaya ta Diesel, ɗaya ta Duck, ɗaya ta taragu, ɗaya ta manyan jirage uku, ɗaya ta Manaja. Kace laifin duka guda goma ne, kowa ya raba yadda yake gani, amma duk inda ka ajiye wake sai ka faɗi dalili. Abinda wannan yake yi shine yana cire yaro daga tunanin cewa dole mutum ɗaya ne mai laifi ɗayan kuma fes yake. Hausawa sun riga sun gama maganar tuntuni da suka ce idan ɓera da sata daddawa ma da wari, amma yaro ba zai gane karin magana ba sai yaga waken a ƙasa, bakwai nan biyu can ɗaya can. Da farko mafi yawansu zasu zuba goman duka a kan Diesel, kar ka hana, kace toh madalla, sannan ka fara tambayoyi, kuma ka gaya musu an yarda mutum ya ɗauke wake ya canza masa wuri duk sanda yaji hujjar da ta gamsar dashi. Wannan izinin canza ra'ayin ka faɗe shi a fili tun farko, saboda yaranmu suna ɗaukar canza magana kamar faɗuwa ce, musamman in ƙani ne ya kawo hujjar.

Tambayoyin da zaka auna dasu basu da yawa. Waye ya fara. Waye ya sani kuma yayi shiru. Cutarwar wa tafi girma kuma tafi daɗewa. Waye yayi da gangan ya zauna ya shirya, waye kuma zuciya ce ta ɗebe shi a take. Waye ya nemi gyara daga baya. Waye yake da iko a wurin.

In ka bi su ɗaya-ɗaya zakaga abin yana da daɗi. Wanda ya fara girman kai Diesel ne, wannan ba musu. Amma girman kai na baki ne, bai lalata komai ba, kuma shi baƙo ne ranarsa ta farko a wurin aiki, an kuma damƙa shi amana a hannun Duck. Wanda aka ce ya koya maka aiki ya tsaya yana kallo kana lalata kaya don kawai ya ƙasƙantar da kai a gaban jama'a, wannan cin amana ne ko da ƙarami ne, kuma "baka tambaye ni ba" amsa ce ta wanda ya san abinda yayi. Kayan da suka lalace ma ai na reluwe ne ba na Diesel ba. A ɗaya ɓangaren kuma, da taragu suka yi ta waƙar tsokana Duck ya tsawata musu har ya bawa Diesel haƙuri akan rashin kunyarsu, sai dai ka lura da kyau ka kuma nunawa yaran, haƙurin da ya bayar akan laifin taragu ne, nasa shirun bai taɓa cewa yayi kuskure ba. Yara suna gane wannan bambancin sosai in ka nuna musu, domin sun san irin "yi haƙuri" ɗin da ake faɗa don Umma tana tsaye.

Shi kuma Diesel abinda yayi yafi nauyi nesa ba kusa ba, kuma kada garin neman adalci ka rage masa. Ya zauna ya shirya, ya ƙirƙiri maganar da ba'a faɗa ba ya jingina ta ga wani, ya haɗa mutum da abokansa, ya sa aka kore shi daga gidansa, da aka tambaye shi a gaban Manaja kuma ya nuna kamar abin ya bashi mamaki. Wannan ƙazafi ne da annamimanci a haɗe. Kunyar da Duck ya jawo masa ta yini ɗaya ce, shi kuma ya nemi ya rusa sunan Duck gaba ɗaya. Anan zaka iya kawowa yaran abinda suke ji a Islamiyya, cewa sakamakon mummuna mummuna ne kwatankwacinsa, ba ninkinsa ba, kuma yafiya tafi. Tambayar da zaka yi musu itace "an yiwa Diesel ba daidai ba, toh me ya kamata yayi?" Zasu ce ya kai ƙara wurin Manaja, ko ya gayawa Duck a fuskarsa yaji haushi, ko ya nuna da aiki cewa ya iya. Ka barsu su lissafo hanyoyin da kansu, domin yaron da ya iya lissafo hanya uku banda ramuwa yafi wanda aka cewa "ramuwa ba kyau" sau ɗari.

Manyan jirage ukun nan su ake mantawa kullum, ni kuwa bana barinsu su tsira. Sun daɗe suna aiki da Duck, sun san halinsa, ɗaya daga cikinsu ma da bakinsa ya kare shi tun farko, amma da magana ta taɓa su sai suka yarda da taragu, taragun da kowa a labarin ya san 'yan fitina ne masu jin haushin Duck saboda yana takura musu. Basu kira shi sun tambaye shi ba, sai tare ƙofa. A Suratul Hujurat aya ta 6 an ce in fasiƙi yazo muku da labari ku bincika, kuma a surar dai aka hana izgili da jifan juna da sunayen banza. Maƙwabtanmu Kirista suna da irinta a littafin Karin Magana, cewa wanda ya fara kawo ƙara shi ake gani da gaskiya har sai ɗayan yazo an yi masa tambayoyi. Duk gidan da kake a Jos kana da abinda zaka ɗauko a nan. Kuma wannan shine ɓangaren da yafi kusa da rayuwar yaran, don ba kowane yaro bane zai ƙirƙiri ƙarya amma kowane yaro watarana za'a zo a ce masa "wane yace kaza a kanka".

Sai Manaja. Yara basa taɓa sa masa wake ko ɗaya sai ka tambaya, saboda a labarin shine alƙali kuma ba'a yiwa alƙali shari'a. Ka tambaye su, in dama bai yarda da Diesel ba kamar yadda ya faɗa a ƙarshe, me yasa wanda aka yiwa ƙarya aka tura wata tasha, maƙaryacin kuma aka barshi a gida? Wani yaron zai ce dabara ce don ya kama Diesel, kuma hujja ce mai kyau ka yaba masa. Sai kace toh Duck ya san dabara ce, ko ya tafi ne yana ganin ubangidansa ya yarda shi mai laifi ne? Da ace taragun nan basu kufce ba, da ace Duck baiyi jarumta ba, yaushe za'a wanke shi? Wannan tambayar tana damuna sosai a irin labaran nan, sau da yawa sai wanda aka zalunta yayi wani abin bajinta sannan ake dawo masa da mutuncinsa, alhali mutuncin nasa ne tun farko.

Akwai wani labarin da zaka iya haɗawa dashi in yaran sun ɗan girma, na Henry a littafin farko. Ya shiga cikin ramin dutse da jirgi ke bi yaƙi fitowa wai kar ruwan sama ya ɓata masa fenti, aka yi lallashi yaƙi, fasinjoji suka ja da igiya suka tura yaƙi, shi kuma Manaja yana tsaye bai sa hannu ba yace likita ya hana shi. Ƙarshe aka cire masa layin dogo aka gina bango a gabansa aka barshi a ciki. Taurin kai da son ado laifi ne, ya tsayar da mutane a hanya, amma a gine mutum da bulo? Daga baya an fito dashi, kuma sanda aka fito dashi ɗin buƙatarsa ce ta taso saboda Gordon ya lalace a hanya. Ka tambayi yaran ko hukuncin yayi daidai da laifin, in basu yarda ba su kawo wanda ya dace. Yaro ƙasa da shekara shida kam bana son a nuna masa wannan da daddare, yana tsorata wasu.

Wani zai ce wannan ba koyawa yara raina na gaba bane? Ina ganin damuwar tana da tushe, shi yasa yadda kake tambayar yake da muhimmanci. Kar kace Manaja azzalumi ne. Kace Manaja yana da aiki mai wuya, jirage da yawa fasinjoji suna jira, amma ko shi zai iya yin kuskure, in kaine ya zaka yi. Yaron da ya san babba yana iya kuskure kuma ana iya faɗa masa cikin ladabi, shine wanda zai zo ya gaya maka in wani babba ya cuce shi a makaranta ko a unguwa, wanda aka koyawa cewa babba baya laifi shiru zaiyi.

Da zarar an raba wake an yi gardama, sai ka juya su. Wanda yafi kowa tsanar Diesel shi zai zama lauyan Diesel na minti biyu, mai son Duck kuma ta kawo ƙarar Duck. Zasu ƙi da farko, "ni Abba bazan kare shi ba", kace ba cewa nayi ka yarda dashi ba, cewa nayi ka faɗa mana yadda abin yake daga inda yake tsaye. Ka taimaka masa da tambaya, ranar farko a sabuwar makaranta, ba wanda ka sani, kayi kuskure kowa yana dariya har da waƙa, yaya zakaji. In akwai yaro na uku shi ya zama alƙali, kuma ka bawa auta wannan kujerar wani lokaci, ba kullum Yaya ba.

Ga yaran da suka kai shekara tara zuwa sama akwai wani mataki da nake ganin shine mafi daraja, ka gaya musu waye ya rubuta labarin kuma a wane lokaci. Awdry ya taso ne a wani ƙauye da ake kira Box kusa da layin Great Western, yana kwance da dare yana jin jirage masu tururi suna hawa tudu, kuma wannan layin shine wanda Duck yake alfahari dashi. Sannan a 1955 hukumar reluwe ta Birtaniya ta fitar da shirin maye gurbin masu tururi da na dizal da na lantarki, zuwa 1968 an daina amfani da masu tururi a manyan layukansu, dubbai aka yanka aka sayar a matsayin ƙarfe. Littafin Duck da Diesel ya fito ana tsakiyar wannan. Kaga mai bada labarin yana da ɓangare, abinda yake ƙauna ne ake kashewa a gabansa, ba mamaki ya zana sabon shigowa a matsayin maƙaryaci. Wannan bai sa labarin ya zama banza ba, amma yaro ya san cewa duk labari wani ne ya bada shi kuma mai bayarwar yana da wanda yake so.

Kuma ka kawo musu shi gida. Mu ma nan anyi wannan canjin. Kuza ce ta jawo jirgi zuwa Jos, ƙaramin layin da ya taso daga Zariya ya iso nan wajen 1914 aka rufe shi a 1957, babban layi ta Kafanchan ya iso a 1927, sunan unguwar Terminus ma daga tashar jirgin ya samo asali. Jiragen lokacin kwal ɗin Inugu suke ci, da reluwe ta koma dizal kasuwar kwal ɗin ta faɗi, mutane suka rasa aiki. Yau kuma jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, wanda wasu yaranmu shi kaɗai suka taɓa hawa daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa, kan dizal ne yake jansa. Sai ka tambaye su, toh wanda ya kaimu Kaduna lafiya shima mugu ne tunda danginsu ɗaya da Diesel? In ka samu dama ka kaisu gidan tarihi na Jos su ga tsohon kan jirgi mai tururi da idonsu, su ga inda ake zuba kwal.

Dalilin da yasa na dage akan wannan, a cikin shirin sau da yawa ana magana kamar masu tururi jinsi ne na kirki, masu dizal kuma jinsi ne na makirci, duk da daga baya an kawo na dizal masu halin kirki. Mu da muke zaune a Jos mun san abinda "irinsu haka suke" ta jawo mana, mun san maganar ɗan gari da baƙo ba wasa bace, munga unguwanni sun rabu. Bana son ɗana ya koyi wannan lissafin daga katun yana ɗan shekara biyar ina zaune kusa dashi ina danna waya. Ba sai ka kawo maganar rikici a zaman ba, kar ma ka kawo, ya isa ka tsaya akan cewa Diesel yayi laifi saboda ƙaryar da yayi, ba saboda man da yake sha ba.

Abubuwan da zasu ɓata maka zaman kaɗan ne amma suna da saurin faruwa. Babba a ciki shine ka juya labarin kan yaran a take, "kaga irin abinda kake yiwa ƙanwarka kenan". Da ka faɗi haka shikenan muhawara ta mutu, ya gane tarko ne aka ɗana masa, gobe in kace azo a kalla zai ce bayaso. Ka bar jirage su zama jirage, shi da kansa zai haɗa. Na biyu kar ka ƙare da "kowa yana da laifi" a dunƙule kamar duk ɗaya ne, wannan ma rashin adalci ne, shiru na mugunta da ƙazafi ba nauyinsu ɗaya ba kuma amfanin waken kenan. Na uku kar ka ja shi, minti goma sha biyar ya isa, 'yan ƙanana ma biyar, in ka ga an fara cin gyaɗar a tashi. Ga 'yan shekara huɗu da biyar da'ira biyu kawai zaka zana, Duck da Diesel, tambaya ɗaya ko biyu. Dama yaran da suka saba jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi sun san jarumin labari yana iya zama mai wayon banza, in ka tuna musu da Gizo zasu fi saurin yarda cewa wanda ake so ma yana laifi.

A ƙarshe zasu tambaye ka, "toh Abba kai wa ka bawa?" Kada ka noƙe kace duk amsa daidai ce, yara suna gane noƙewa. Ka ɗauki naka waken ka raba a gabansu ka faɗi dalili kamar yadda ka sa su sukayi. Nawa rabon, Diesel huɗu, Duck biyu, Manaja biyu, manyan jirage ɗaya, taragu ɗaya. In ɗanka yace bai yarda ba Diesel ya cancanci shida, kace ya kawo hujja, in hujjar ta tsaya ka ɗauke wake ɗaya daga inda ka sa ka mayar inda yace, a gabansa. Sannan ka ɗauki hoton rabon kowa da waya ka ajiye, bayan wata biyu ko uku ku sake kallon kashi ukun ku sake rabawa ku gwada da na farko.